Ranka Ya Daɗe, Furofayil

A cikin dukkan abubuwan da zamani ya kawo wa masu sana'ar hoto, babu mai tsarkin suna irin furofayil ɗin launi. Kyamara takan yi laifi a zage ta. Firinta takan yi laifi a ɗaka mata duka a murfi. Wutar lantarki kuwa ba a ma maganarta. Amma furofayil, shekara 30 da ɗoriya ke nan yana aiki, ba a taɓa jin ranar da aka kama shi da kuskure ba. Hoto ya fito kore shar, laifinka ne. Ya fito ja-jawur, laifinka ne. Ya fito da duhun da ba a gane ango daga babban abokinsa, nan ma a bincika da kyau, za a tarar akwai wani ɗan akwati a can cikin shafi na uku da ka manta ba ka cire wa alama ba. Duk wanda ya kai wannan matsayi ya cancanci a tsaya a yaba masa, kuma abin da ya kawo ni ke nan.

Ga wanda bai san maigidan ba, furofayil wani ɗan fayil ne da bai fi nauyin hoton waya guda ba, aikinsa kuma tafinta. Allon kwamfuta da haske yake magana, ja da kore da shuɗi yake gaurayawa ya watso maka a ido. Firinta da tawada take magana, ta fesa ɗigo a kan takarda, takardar ta zauna jiran hasken ɗaki ya zo ya bayyana abin da ke kanta. Wannan ba ya jin harshen wancan. Sai aka ce kowace na'ura a ba ta tafintanta, wanda zai juya maganarta zuwa wani harshe na uku, na lambobi zalla, da babu na'urar da ke yin sa a gida. Kyamara ta faɗa, a juya. Allo ya karɓa, a juya. Firinta ta karɓa, a sake juyawa. Manufar mai daɗin ji ce: launi ya tashi daga kyamara, ya bi ta allo, ya sauka a takarda bai sauya kama ba.

A shekarar 1993 kamfanoni 8 suka kafa ƙungiyar ICC domin wannan aiki: Adobe, Agfa, Apple, Kodak, Microsoft, Silicon Graphics, Sun Microsystems da Taligent. Ku dubi jerin nan ku ga ƙarko. Taligent ta narke cikin IBM tun kafin ƙarnin ya ƙare. Silicon Graphics ta karye a 2009. Sun kuwa Oracle ta saye ta a 2010. Kodak ta ruga kotu neman kariya daga masu bin ta bashi a 2012. Rabin iyayen sun kwanta dama ko sun jigata, amma ɗan da suka haifa yana nan daram, yana mayar da fuskokin bayin Allah ruwan hoda da ƙwazon da ya fara da shi.

Shi ma harshen na uku yana da asali mai daraja. A ƙarshen shekarun 1920, a Ingila, masana biyu, David Wright da John Guild, suka riƙa zaunar da mutane suna leƙa wani ɗan fili na haske da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba idan ka miƙe hannu, suna murɗa fitilu uku har launi ya dace da launi. Wright ya gwada mutum 10, Guild ya gwada 7. Aka tara, aka raba, a 1931 hukumar haske ta duniya, CIE, ta zauna a Kambirij ta ce ga idon ɗan Adam. A 1976 aka ɗora wani lissafin a kan wannan, shi ne ake kira Lab, kuma a kansa furofayil ɗin firinta ke tsaye. Mutum 17. Da Bakano, da Basakkwace, da mutumin Damagaram, da na birnin Sin, duk an gani a madadinmu tun kafin a haifi iyayenmu, an hutar da mu. Awon nasu ya yi ƙarko ƙwarai, wannan ba gardama. Saboda haka idan idonka ya ce hoton nan ya karkata kore, lissafi kuma ya ce daidai yake, sai ka san matsayinka: ba ka cikin 17 ɗin.

Kamfanin da ya ƙera firintarka yakan ba ka furofayil kyauta, da sharaɗi ɗaya: tawadarsa, takardarsa. Adalci ke nan. Sai dai mai shagon hoto a Kano ko Zariya ko Maraɗi, wanda ke da L805 ko L1800 ta Epson a kan tebur, ba kullum aljihu ke kai shi ga tawadar asali ba. Kwalbar da ya samu a kasuwa yake ɗurawa, takarda kuwa duk wadda 'yan kasuwa suka shigo da ita a watan nan. Furofayil ɗin kamfani bai san su ba, bai kuma taɓa alkawarin zai san su ba. A nan ne masana ke dafa kafaɗarka su ce ka kwantar da hankalinka, ka yi naka na kanka, daga ranar matsalarka ta ƙare.

Da farko za ka buga wani shafi cike da ƙananan gidajen launi. Akwai mai gida 918, akwai mai 1,728. Ƙa'idar buga shi ita ce kada wani tafinta ya sa baki, a bar firinta ta faɗi abin da ke ranta tsagwaronsa. Photoshop a da yana da maɓallin yin haka. A 2010, da fitowar sigarsa ta CS5, Adobe ta cire maɓallin. Ba ta kuma bar jama'a a rana ba, ta fito da wata 'yar manhaja dabam, Adobe Color Printer Utility, wadda duk aikinta a duniya shi ne ta yi abin da maɓallin nan ke yi. Mai gajeren tunani zai ce me ya hana a bar maɓallin. Mai zurfin tunani ya san cewa abin da aka samu a sauƙaƙe ba a ganin darajarsa.

Ka buga, sai ka ajiye shafin ya bushe, domin tawada tana sauya launi yayin da take zama cikin takarda. Awa 24 ake yawan cewa. Ka kare shi daga ƙura, a garin da ƙura ke shiga akwatin da aka kulle. Washegari ka ɗauko na'urar awon launi, ka riƙa jan ta a kan layi ɗaya bayan ɗaya. Ka yi sauri, ta yi ƙara ta ce maimaita. Ka yi nawa, ta yi ƙara. Ranar da hannunka ya goce ya shafi layin maƙwabta kuwa, tana iya yin shiru ta karɓa, ta rubuta ja a gidan ruwan goro, ta ajiye maka mamaki sai daren da kake buga hotunan biki. Ƙaramar na'urar wajen dala 500 ce, babbar ta haura dala 1,000, a sana'ar da ake buga fasfo takwas a kuɗin da bai sayi mudun shinkafa ba. Su kansu na'urorin, da can ba su cika yarda da juna ba. Bayan kamfanoni biyu masu ƙera su, X-Rite da GretagMacbeth, sun haɗe, an tarar ma'aunin wannan gida da na wancan suna karanta launi guda da lambobi dabam, sai da aka fito da wata ƙa'ida mai suna XRGA don a sasanta su. Kafin sasancin, duk wanda hotonsa ya ɓaci an riga an faɗa masa laifin waye.

Yanzu ga lissafin da ya fi burge ni. Hoto na yau da kullum yana iya ɗaukar launi 16,777,216. Kai ka auna 918. Sauran miliyan 16 da ɗoriyar, manhaja ce za ta cike su, ta ja zare daga gidan da ta sani zuwa gidan da ta sani, ta ce abin da ke tsakani ba zai wuce kaza ba. Babu mai kiran wannan kintace, tunda da lambobi masu ɗigo aka yi shi.

To, ka gama, ka ɗora sabon furofayil, ka yi bisimilla ka buga hoton farko. Ya fito ruwan hoda da duhu-duhu. Kada ka karaya, yanzu karatun ya fara. Abin da ya faru shi ne tafinta biyu sun yi aiki a kan magana ɗaya. Photoshop ya juya launin zuwa harshen firinta ya miƙa wa direba, wato manhajar da ke tuƙa firintar. Shi kuma direban, da yake ba wanda ya ce masa ya yi shiru, ya ɗauki fassarar a matsayin asalin magana ya sake fassara ta. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a harkar, kowa ya san ta tun da daɗewa, kuma har yau ba a ga dalilin da zai sa manhajojin biyu su riƙa sanar da juna a kowace kwamfuta ba. Photoshop dai yakan rubuta maka ɗan gargaɗi cewa ka tuna ka kashe na firinta. Ka tuna. A ina ake kashewa? A nan kowane kamfani ya nuna basirarsa. Epson ta ajiye nata a wani lungu, Canon a wani, sunan maɓallin ya bambanta, na Windows dabam, na Mac dabam, kuma sabunta manhaja sau ɗaya cikin dare ya isa ya mayar da komai yadda yake ran da aka kwance kwali.

Ka yi nasarar rufe bakin tafinta na biyu, sai hoto ya fito a koɗe, ko tawada ta yi yawa har tana nashewa. To wace irin takarda ka gaya wa direba ka saka? Zaɓin nan shi ke yanke yawan tawadar da za a fesa. In ranar awo mai sheƙi ka zaɓa, yau kuma hannunka ya faɗa kan mai rabin sheƙi, furofayil ɗinka ya zama na wata firinta da ba a ƙera ba. In kuma duk wannan daidai ne, a tambaye ka sigar furofayil ɗin. Siga ta 4 ta fito tun 2001 don ta gyara ta 2, kuma har yau idan abu ya ƙi, shawarar da ake bayarwa ita ce a koma ta 2.

Ba a ma zo kan hoton kansa ba. Shi ma yana da nasa gidan launi. Akwai sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, ɗan madaidaici, kowa ya san shi. Akwai Adobe RGB na 1998, mai ɗan faɗi. Akwai ProPhoto na Kodak, wanda faɗinsa ya kai har ya ƙunshi launukan da babu idon da zai iya ganin su, babu fitilar da za ta iya haska su. Lissafi ne kawai ya san da zamansu. Masana suna so ka yi aiki a cikin mai faɗin, don kada ka yi asarar komai. Sai ka kai hoton wurin masu manyan injuna a buga maka babba, injinsu ya ɗauka sRGB ne, fuskar amarya ta fito fayau ba jini. Ka tanadi launukan da ba a gani, ka rasa waɗanda ake gani.

Sai babbar ƙara, wadda ta girme su duka: hoto ya yi duhu. Amsar da ake bayarwa a nan ta cancanci a rubuta ta da ruwan zinare. Hotonka lafiyarsa ƙalau, allonka ne ya cika haske. Kuma da gaskiyarsu, domin sabon allo yakan zo a ƙure don ya ɗauki idon mai saye a kanti, alhali masana suna so a sauke shi zuwa tsakanin 80 da 120 a ma'aunin hasken allo. Tazarar fari da baƙi a allo takan kai ninki 1,000. Takarda mai sheƙi da ƙyar take kai 'yan ɗaruruwa, marar sheƙi ko 100 ba ta kaiwa. Don haka maganin takardar da ta kasa kamo allo shi ne a dusashe allon har ya sauko ya tarar da takardar. Akwai ma wani maɓalli a Photoshop da ke nuna maka a allo yadda hoton zai fito a takarda. Ka danna shi, fari ya dishe, baƙi ya koma toka-toka, hoton da ka kwana kana gyarawa ya yi laushi a gabanka. An cika alkawari ke nan, allo da takarda sun zo daidai. Ba a dai taɓa cewa a sama za su haɗu ba.

Ka daidaita allo, ka daidaita takarda, saura rana. An gina furofayil ɗin firinta a kan cewa za a kalli hoton ƙarƙashin wani haske mai suna D50, wanda launinsa ke wajen 5,000 a ma'aunin Kelvin, kuma ƙa'idar ISO 3664 ta fayyace har ƙarfinsa da launin abin da ke kewaye, ruwan toka. Ana sayar da akwatin wannan haske. Abin da ba a sayarwa shi ne dabarar bin mai hoto gida da akwatin a ka. Shi a falo zai rataye abinsa, ƙarƙashin farin ƙwan sola mai shuɗi-shuɗi, ko fitilar caji, ko hasken tsakar ranar Afrilu da ke faɗowa ta taga. Tawada kuma tana da wani hali da aka daɗe da sani: launi biyu su dace a haske ɗaya, su raba gari a wani. Hoton baƙi-da-fari da ya fito tsaf a shago sai ya koma kore-kore a ƙofar gida. Furofayil bai yi ƙarya ba. Gaskiya ya faɗa, game da wani ɗaki da mai hoton ba zai taɓa shiga ba.

Ko farin takardar ma akwai magana. Masu yin ta suna zuba mata sinadarin ƙara fari, dangin wanda ake sa wa garin sabulun wanki, mai shan hasken da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, sai takarda ta yi fari fat. Ido ya ga fari. Na'urar awo ta ga shuɗi ta kai rahoto, furofayil ya ce a gyara, ya ƙara ruwan ɗorawa, babbar rigar ango da aka ɗinka jiya ta fito da launin wadda ta shekara a ƙasan akwati. An magance wannan a 2009 ta hanyar da ta dace da martabar gidan: ƙa'idar ISO 13655 ta raba awo gida huɗu, M0, M1, M2 da M3. Da hanya ɗaya gare ka ta yin kuskure, yanzu an ƙara maka uku.

Na taɓa zama a wani shagon hoto ina jiran fasfo, sai ga wata Hajiya ta shigo, albam ɗin bikin 'yarta a hannu ɗaya, ƙyallen anko a ɗayan. Ko zama ba ta yi ba. Ta buɗe shafin da ƙawayen amarya suka jeru, ta shimfiɗa ƙyallen a kai, ta danne shi da yatsa. Yadin shuɗi ne mai kauri, irin mai ɗaukar ido daga nesa. A hoton kuwa, 'yan matan nan kaf shunayya suka sa.

"Malam, wannan bikin wa ka ɗauka?"

"Ranki ya daɗe Hajiya, naku ne. Duba nan ki gani." Ya juyo mata allon kwamfuta. Ga shuɗin nan shar, daidai da ƙyallen.

"To ba ni wannan ɗin."

"Ai Hajiya, wannan shuɗin ya fi ƙarfin tawada. Ya wuce iyakar abin da injin ke iya bugawa."

"Kuɗina da ka karɓa, shi bai wuce iyaka ba?"

Bawan Allah nan gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta hana shi sake buga shafi shida daga aljihunsa ba. Akwai launukan da allo ke iya haskawa tawada ba ta iya kaiwa, shuɗi mai kauri na gaba-gaba a cikinsu. Idan za a jawo shi cikin iyaka, ta hanyar lissafin Lab ake bi, shi kuma lissafin an daɗe da sanin yana da karkata a daidai yankin shuɗi: ka rage masa kauri a miƙe, sai ya zame ya nufi shunayya. Sararin sama a hotunan duniya da yawa ya sha wannan, balle ankon Hajiya.

Amma ba a bar mu ba zaɓi ba. ICC ta tanadi hanya huɗu ta shigar da launin da ya yi waje. Ta farko tana matse dukkan launukan hoton don na waje ya samu wuri, kowa ya ɗan dusashe, a raba asarar daidai wa daida. Ta biyu tana barin na ciki yadda suke, ta datse na waje a bakin iyaka, sai ninkin yadi da kalmasarsa su haɗe su zama shafe guda. Ta uku ta masu zanen lissafin ofis ce, ba ruwanta da gaskiya in dai launi ya yi kauri. Ta huɗu kuwa kwaikwayon wata takarda take yi a kan wata, har da farinta. Wacce za ka ɗauka? Ya danganta da hoton, in ji masana, gwada ka gani. Bayan na'urar dala 1,000, da mutum 17, da awa 24, hukunci ya dawo hannun idon nan naka da aka ce tun farko ba abin dogaro ba ne. Kowane gwaji kuma takarda guda ce da tawadarta.

Fatar mutum kuwa, gidan ya daɗe yana yi mana karamci tun kafin a haifi furofayil. Daga shekarun 1950 Kodak ta riƙa aika wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, a daidaita inji da fuskarta. Ana kiran katin Shirley, sunan wadda aka fara ɗauka. In Shirley ta fito daidai, duniya ta fito daidai. Binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa cikin waɗanda kukansu ya sa aka gyara fim ya riƙa bambanta launuka masu duhu akwai masu cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Kodak ta yi katin da ya haɗa mata masu launin fata dabam-dabam. Allah ya saka wa cakulan da alheri. Lissafin furofayil na yau, a yi masa adalci, bai san Bature ba, bai san Bahaushe ba. Sai dai fuskar baƙin mutum, har da wankan tarwaɗa in haske ya yi ƙaranci, a ɓangaren inuwa take zaune, inda takarda ta fi rauni, musamman marar sheƙi. Akwai wani ɗan akwati, ƙirƙirar Adobe, mai daidaita baƙin hoto da baƙin da takarda ke iyawa. Ka ɗauki hanya ta biyu ka manta da shi, duk abin da ya fi baƙin takarda duhu ya dunƙule wuri ɗaya, gashi da gefen kunci da ƙasan haɓa, sai haƙora da farin ido. An bar akwatin a matsayin zaɓi, saboda 'yancin mai aiki abu ne mai daraja.

Babbar ɗabi'ar maigidan ita ce riƙon amana. Yana bayyana firintarka yadda take a ranar da aka auna ta, kuma ba zai sauya magana ba ko da ita firintar ta sauya. Hunturu ya shigo, iska ta bushe, tawada ta daskare a wasu ƙananan ƙofofin hed ɗin da ke fesa ta, tawadar majanta ta rage fita, hoto ya karkata kore. Ka sa inji ya wanke hed, ya zuƙi tawada daga kwalabe ya zubar cikin wani soso da ke cikinsa; yana kuma ƙirga abin da ya zubar, ran da lissafin ya cika ya tsaya cak ya ce a kai shi wurin gyara. Kwalba ta ƙare, ka ɗuro wata mai suna iri ɗaya daga wani dila. Takardar da ka auna ta yanke a kasuwa, aka kawo wata cikin kwali iri ɗaya, farinta dabam. Kowanne cikin waɗannan hukuncinsa guda ne, a sake awo daga farko. A manyan maɗaba'u, inda takarda ɗaya ce shekara da shekaru, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga ma'aikacin da aikinsa ke nan, furofayil yana yin abin da aka ce zai yi, ban musa ba. Wannan ma abin yabo ne: bai taɓa kunyata wanda ya riga ya mallaki komai ba.

Abin takaici, akwai 'yan tawaye. Za ka ga yaron shago da bai taɓa jin sunan ICC ba, ya bar hotonsa a sRGB, ya bar direba ya yi aikinsa shi kaɗai, ya buga ɗan ƙaramin gwaji a gefen takarda, ya fita da shi bakin ƙofa ya duba a rana, ya dawo ya rage majanta kaɗan ya ƙara haske kaɗan, ya rubuta lambobin da biro a jikin bango kusa da soket. In takarda ta sauya, ya soke ya rubuta wasu a ƙasa. Masu hoto suna ta dawowa wurinsa. Ya kamata wani mai tausayi ya zaunar da shi ya fahimtar da shi cewa hotunan nan nasa ba bisa ƙa'ida suka yi kyau ba. Bai san Delta E ba, ma'aunin tazarar da ke tsakanin launin da aka so da wanda aka samu, don haka ba shi da hujjar cewa fuskar da ya buga ta yi kama da mai ita, in ban da cewa mai ita ta duba ta biya. Haka marinan Ƙofar Mata suka yi ƙarni bayan ƙarni suna fitar da shuɗi da ido da hannu, Allah sarki, babu wanda ya je ya gaya musu ba su da furofayil.

Mai hassada zai tambaya wa ke cin ribar wannan wahala. Ni ban ga laifin mai takarda ba don gwaji yana cinye takarda, ko mai tawada don wankin hed yana shan tawada. Kowa da hanyar abincinsa. Kamfanin X-Rite na jihar Mishigan a Amurka ya haɗe da GretagMacbeth a 2006, ya sayi Pantone a 2007, sai ya zama mai sayar da ma'aunin launi shi ne kuma mai kundin sunayen launuka da masu zane da maɗaba'u ke aiki da shi a duniya. A ƙarshen 2022 aka cire yawancin kundin Pantone daga Photoshop da 'yan'uwansa, mai so ya riƙa biyan dala 15 a wata. Waɗanda suka buɗe tsofaffin ayyukansu ba su biya ba, sai suka tarar wuraren da launukan nan suke sun koma baƙi wuluk. Ba a ji wanda ya yi ƙorafin cewa baƙin ya karkata kore ko ruwan hoda ba.